Sunan Mama Rifkatu ya Fito a Shafin Jama'a

'Yan'uwa, alherin Ubangijinmu Yesu ya tabbata a gare ku. Sunana Markus, daga nan Kaura Namoda. Wata shida na yi ban taka ƙofar coci ba, yau zan faɗi dalili.

Kun san yadda hanya ta lalace tsakaninmu da 'yan'uwanmu na Shinkafi da Zurmi, haɗuwa ta yi wuya. Shi ya sa ni da wani aminina, wanda ba zan kama sunansa ba, muka haɗa manhajar waya ta aika roƙon addu'a. Tare muka tashi da shi, kwano ɗaya muke ci.

Ga yadda take aiki. A shafi na farko mutum zai rubuta sunansa da garinsu da damuwarsa, manhajar ta ɗaure su ƙunshi guda. Wannan ƙunshin shafin Fasto kaɗai yake zuwa. Shafin jama'a kuwa, na tsara a ɗaura masa wani ƙaramin ƙunshi daban, mai damuwar kawai, babu suna. Aminina ya ce wahalar banza ce. Ya canza, ya miƙa babban ƙunshin dungurungum zuwa shafin jama'a, ya ce shafin ya ɓoye sunan kawai.

Ashe in aka juya waya a kwance, shafin yakan sake buɗewa, sunan ya fito ɓaro-ɓaro!

Mama Rifkatu ta Shinkafi, dattijuwar da ke dafa mana abinci duk lokacin taro, ta rubuta cewa ta ji ƙari a nononta, ko 'ya'yanta ba ta gaya wa ba. Kafin azahar kowa ya karanta. Ɗiyarta a bakin maƙwabta ta ji.

Dattawa suka kira mu. Aminina ya dubi idon Fasto ya ce, "Baba, ni launi kaɗai niz zaɓa. Markus ne yar rubuta komi." Ko ƙifta ido bai yi ba. Aka karɓe aikin daga hannuna, mata suka daina amsa gaisuwata a kasuwa.

Na tsane shi, 'yan'uwa. Ba zan yi muku ƙarya a gidan Allah ba. In na hango babur ɗinsa sai abinci ya fita raina. Ina kuma da makami, domin duk gyaran da aka yi wa manhaja yana rubuce da sunan wanda ya yi shi. Na buga jerin gyare-gyaren a takarda, na ƙudura ran Lahadi zan karanta ta a gaban kowa.

Ran Asabar na durƙusa. Ba gafara na je nema ba, cewa na yi, "Ya Uba, ka kunyata shi!" Ina riƙe da takardar sai idona ya sauka kan layin ƙasa. Shi ya yi gyaran, gaskiya ne. Amma wanda ya duba ya danna amincewa kafin gyaran ya fara aiki, ni ne. Sauri nake ran nan, ban karanta ba. Na yi kuka kamar ba namiji ba.

Washegari, maimakon coci, na shiga motar Shinkafi. Na tarar da Mama tana tsince wake, ta rame. Na zube na gaya mata komai.

Sannan ta ce, "Ɗana, kun tsiraita ni. Wata shida ina jiran ɗayanku ya zo. Ban tambayi wa yay yi ba. Tashi, ƙasa da sanyi."

Ta ɗora hannu a kaina ta yi mini addu'a, ita da ke fama da ciwo! A nan Yesu ya sauke mini dutsen da ke ƙirjina. Halleluya!

Aminina har yau bai ce mini kanzil ba, kuma abin yana mini ciwo. Amma da safiyar nan na miƙa masa hannu a bakin ƙofar coci. Na gode wa Allah. Wanda aka ci amanarsa a cikinku, ya kai ƙararsa gaban Yesu, ya kuma yarda a nuna masa nasa layin. Ku sa Mama Rifkatu a addu'a, jibi za a yi mata aiki. Ita ta ce in faɗa muku da sunanta. Amin.