Janareta ya tafi da kunnena

Assalamu alaikum mai gabatarwa, barka da aiki. Sunana Habu, daga Kademi a ƙaramar hukumar Gaya.

Shekara goma sha tara ina kula da janaretan wata jami'a. Ni ke kunna shi, ni ke zuba masa mai, ƙararsa tana dukan kunnena tun safe har yamma. Bara aka kafa sola a makarantar, aka rufe ɗakin injin. Injiniya ya kira ni ofis yana ta bayani, ni kuwa bakinsa kawai nake kallo. Da ya ga ban gane ba, sai ya rubuta a takarda: "Baba, ka yi haƙuri, aikinka ya ƙare."

Wallahi ban ƙi sola ba, ɗalibai sun huta da hayaƙi da ɗauke wuta. Amma sai da na dawo gida na san irin ɓarnar da injin ya yi mini. Jikata tana kirana ba na amsawa, har ta gaya wa uwarta wai Kaka ya daina sonta.

Don Allah masu sauraro, ina ake duba kunne irin nawa? Wannan wasiƙar ma ba zan ji an karanta ta ba. Matata ce za ta zauna gaban rediyo, ta ɗaga mini hannu idan kun ambaci sunana.