Shekara Talatin Muna Gardama Kan Bindigar Mode

Da sunan Allah muke buɗe wanga zama, Shi da ya ba mu aron Mode, ya kuma karɓi abinsa ranar da ya so. Tsira da aminci su tabbata ga Annabin rahama da alayensa da sahabbansa.

Ranka ya daɗe wakilin Uban ƙasa, da ka taso tun daga Wurno. Allah ya ja zamanin Hakimin Magarya. Allah gafarta Malam Liman, da malaman da sunka sauke Alƙur'ani tun hantsi. Ardo da jama'arka, sannunku da zuwa. Sarkin Noma, dattawa, baƙinmu na Rabah da Goronyo da Shinaka, mun gode da tattaki. Kaltume uwar Lawwali, ke da matan da ke bayan danga, na san kuna ji. Lawwali da Sale, 'ya'yan marigayi, ku matso kusa, akwai maganarku a gaba.

Ga wanda bai san ni ba, ni ne Ƙasimu, maƙwabcin Mode a gida da fadama. Da anka ce ni zan yi magana a wagga sadaka ta arba'in, sai da na tambayi Hakimi ko an rasa mutane ne. Kowa a Magarya ya san shekara talatin muna gardama da Mode kan abu guda. Shi ya ce namiji ya riƙe bindiga ya tsare kansa da iyalinsa. Ni na ce a tattara su duka a kai Wurno a kulle. Hakimi ya ce ai shi ya sa anka zaɓe ni, yabon masoyi kowa ya iya shi.

Bari in fara da inda na samo ra'ayina, don ba daga littafi na samo shi ba.

Muna sababbin magidanta, lambunanmu na albasa suna jere bakin gulbi, sai wani gyado, aladen daji, ya sa mu gaba da ɓarna. Mode ya gaji bindigar toka daga babansa, irin wadda ake ɗurawa ta baki. Wata rana da hantsi munka hangi gyadon cikin albasata. Mode ya ɗura albarushi awo biyu, wai don kada a yi aiki sau biyu. Ya ce mani, "Ƙasimu, tsaya nan, ba reshen da zan ɗora ta, kafaɗarka ta isa." Ni kuma da ƙuruciya na tsaya.

Abin da na tuna shi ne hayaƙi da warin hulata tana ci da wuta. Da hayaƙin ya washe, ga sandar jigona ta karye gida biyu, ga gyado ya waigo shina kallonmu, sannan ya kama hanyarsa ba tare da ya ƙara sauri ba. Na ga bakin Mode shina motsi, ban ji komi ba. Sai da ya zagayo ta dama na ji shi. Cewa yake, "Kai ka motsa."

Tun ranar kunnena na hagu ya yi ritaya. Amma ku ji sauran. Wata uku ina fama da jiri, in na duƙa ƙasa ta juya. Duk ranar Allah Mode shi ke ban ruwan lambuna kafin ya taɓa nasa. Albasata ta yi kyau shekarar, tasa ta ƙone rabi, bai taɓa ambatawa ba. Ya kasance mutum wanda in ya yi ɓarna, da guminsa yake gyarawa. Ya kasance kuma mutum wanda har ya koma ga Allah shina cewa ni na motsa.

Bayan 'yan shekaru hanyar Goronyo ta lalace da 'yan fashi. Matanmu masu kai albasa da busasshen kifi kasuwa sunka fara zama gida. Ba wanda ya roƙi Mode. Ranar kasuwa kawai anka gan shi bakin gari da bindiga a kafaɗa, ya ce shi Goronyo za shi, wanda ke so ya biyo. Haka ya yi ta yi kowane mako, rani da damina.

Wata rana na bi su da jakina. Tun daga Magarya nake yi mashi wa'azi, ina cewa wagga aba ba ta da ido, ba ta san ɗan fashi ba, ba ta san maƙwabci ba. Mun wuce Shinaka kaɗan, rana tsaka, sai ga mutum huɗu sun fito daga cikin geza, biyu da takubba, biyu da baka. Mata sunka dunƙule wuri guda. Mode ya durƙusa, ya ɗaga bindiga, ya yi masu magana kamar mai cinikin goro.

Ya ce, "Bayin Allah, zan faɗa maku gaskiya, ni ban iya saiti ba. Ku tambayi wanga da ke bayana. Gyado na nufa, na samu kunnensa. Yanzu na dama nake nufi, amma ban san wa za ta zaɓa cikinku ba."

Babbansu ya dube ni. Ni kuwa ina bayan jakin Larai mai kifi, na leƙo na ce, "Wallahi gaskiya yake faɗi."

Sunka dubi juna, sunka dubi bakin bindigar da ke ta yawo daga wanga zuwa wancan, sunka ja da baya sannu sannu har geza ta rufe su. Ba a zubar da jinin kowa ba. Kafin la'asar Larai ta gaya wa duk kasuwar Goronyo cewa Ƙasimu maƙiyin bindiga sau uku ya ce, "Harba mana, Mode." Larai ta riga mu gidan gaskiya, Allah ya jiƙanta, amma sau biyu ne.

A hanyar dawowa ya ce mani, "To, mi ka gani?" Na ce na ga sa'a. Ya ce sa'ar ma a kafaɗarsa ta zo.

Sai shekarar da anka yi shela cewa duk mai bindiga ya fito da ita a buga mata lamba a ba shi lasin, wanda ba shi da hujjar riƙewa a karɓe. Dattawan da ke nan sun tuna yadda garin ya rabu. Har a masallaci, masu bindiga sahu guda, mu sahu guda. Bature Di'o ya zo rangadi, anka sa mashi kujera ƙofar Hakimi, anka jera bindigogin Magarya tara a kan tabarma. Ni na fara magana, na nuna kunnena, na ce a kwashe su duka. Bature ya gyaɗa kai, ya ce ta bakin tafinta, tsaron hanya aikin 'yan doka ne.

Mode ya cire takalmi ya zauna. Ya ce, "Ranka ya daɗe, 'yan doka nawa ne tsakanin nan da Goronyo?"

Anka ce biyu.

Ya ce, "Na san su. Ɗaya kurkunu ya kwantar da shi, ɗayan shi ke jinyarsa. Sannan ina tambaya, su mutanen cikin geza yaushe za su kawo nasu makaman a buga masu lamba? In an sa rana sai mu zo tare."

Tafinta ya yi tari, ya juya maganar da Turanci, munka ji ta gajarce ƙwarai. Amma Baturen shina jin Hausa fiye da yadda ya nuna, don mun ga gashin bakinsa shina rawa. Ya ce to, wa zai shaidi halin wanga mutum? Jama'a, ga 'yan'uwan Mode cike da wurin, ga 'yan sahunsa. Mode ya miƙa hannu ya nuna ni.

Ban taɓa jin haushin mutum kamar ranar ba. Ya san ba zan yi ƙarya gaban Hakimi ba. Na tashi na ce, harbinsa kam ba shi da kyau, amma ban san wanda ya kai shi iya ƙin harbi ba. Anka karɓe bindiga shida, anka bar uku, har da tasa. Na je gida na gaya wa iyalina na ci gardama. Ta kan danga na jiyo shi shina gaya wa Kaltume shi ya ci.

Ya kasance mai tsare muna hanya, wannan kowa ya gani. Ya kasance kuma mai tsare mu daga kanmu, wannan kaɗan ne sunka gani. Yari ga shi can zaune, shi ya ce in faɗi wagga, Ardo ma ya yarda.

Ana saura kwana kaɗan a yanke dawa, shanun rugar Ardo sunka faɗa gonar Yari, sunka bar mashi kara. Abincin shekara ne na gida mai mutum goma sha ɗaya. Yari ya zo wurin Mode da safe, ido jajir, ya ce a ba shi bindiga. Mode bai ce a'a ba. Ya ce, "Ai dole. Sai dai albarushin ya sha sanyi, bari a shanya." Ya baza shi a faifai, ya sa Yari gadi kada kaji su tona. Ya shiga cikin gida ya raɗa wa Kaltume, ita kuma ta kira matata ta kan danga, ni kuma na ruga wurin Hakimi.

Albarushi ya bushe, Mode ya ce ƙanƙarar da ke ba da wuta ta dakushe, sai an feƙe. Anka feƙe. Ya ce ba a harbi da yunwa, hannu rawa yake, Kaltume ta kawo fura. Ya kawo labarin yadda babansa ya samu bindigar, ku kuwa kun san labarin nan ba ya ƙarewa kafin azahar. Anka kira salla, ya ce ai ba a ɗaukar rai ba a yi salla ba. Lokacin da munka iso da Hakimi da Ardo, mun ishe Yari zaune shina kuka, ludayi a hannu. Anka yi sulhu, Ardo ya kawo damman dawa daga nasa rumbun, shanunsa sunka yi rani biyu suna zuba taki a gonar Yari. Yau ga su tabarma guda.

Daga baya na ce wa Mode, ka ga maganata, da wani ya ishe da ita, da yanzu muna zaman makoki biyu. Ya ce, "Da na ce mashi a'a, gatari zai ɗauka, shi kuwa gatari ba a shanya shi." Ranar ba wanda ya ce ya ci.

Yanzu Lawwali da Sale, maganarku. Garin nan duk ya san tun ranar uku ba ku ci a ƙwarya guda ba. Lawwali ya ce bindigar gida ce, shi zai riƙe. Sale da ya yi makarantar boko ya ce zamani ya wuce, a mayar wa hukuma. Babanku ya san za a yi haka. Kwana uku kafin ya cika, bayan la'asar, ya kira ni da Malam Liman. Ya ce a rubuta, bindiga ta Ƙasimu ce. Na zaci zafin ciwo ne. Ya ce, "Lawwali ya cika sonta, Sale kunyarta yake ji. Kai kaɗai ke tsoronta yadda ya kamata." Liman ya ce wasiyyar ba ta kai sulusin dukiyarsa ba, ta zauna. Shi ya ce a bari sai yau a faɗa gaban jama'a.

Makon jiya na karɓi bindigar hannun Kaltume, na naɗe a tabarma, na kama hanyar Wurno in miƙa ta, abin da na shekara talatin ina cewa a yi. Ban yi nisa ba Hassana 'yar Larai ta hango gindin bindigar ya leƙo. Ta kira wata, wata ta kira wata. Na waiga na ga mata bakwai da kaya a ka suna bina. Na isa ƙofar ofis, sunka ce za su jira ni mu koma tare. Na zauna bakin ofis har inuwa ta juya. Da na shiga, malamin da ke rubuta lasin ya san ni, ya ce, "Baba Ƙasimu, yau buri ya cika?" Na ce a goge sunan Mode a sa nawa. Sai da ya aje alƙalami ya gama dariyarsa.

To ga yadda za a yi. Bindiga tana ɗakina. Albarushi wurin Sale, ba ya fita sai ya ji dalili ya gamsu. Ranar kasuwa Lawwali ya zo mu raka mata, ni da takarda, shi da ɗauka. Wanda ya ƙi gaida ɗan'uwansa, aikin ya tsaya, ku je ku yi wa matan Magarya bayani da kanku. Ra'ayina bai sauya ba. Ranar da hanya ta yi lafiya, da ƙafata zan kai ta Wurno. Kaltume, ki sa a zuba masu tuwon yau a akushi guda.

Kaltume, kin yi haƙuri da mu biyu. Shekara talatin kina jin magana guda ta kan danga, ba ki taɓa cewa wa ke da gaskiya ba, ko da yake na san kin sani. Allah ya ba ki ladan zama da shi, ya ba ki haƙurin rashinsa. Mu ma mun rasa. Kwana arba'in ke nan duk abin da na faɗa a ƙofar gida sai a ce mani haka ne, ban taɓa sanin abin ba shi da daɗi ba.

A madadin iyalin marigayi da mutanen Magarya, muna gode wa wakilin Uban ƙasa da Hakimi da malamai da duk wanda ya taka ƙafa ya zo. Allah ya mayar da kowa gida lafiya, ya tsare hanya.

Ya Allah, ga bawanka Mode. Ka gafarta mashi, ka yalwata kabarinsa, ka haɗa kan 'ya'yansa. Hakkina da ke kansa na yafe duniya da lahira, wanda ke da wani ya yafe. Ka saukar da shi gidan aminci, inda ba a shiga da makami don ba abin tsoro a ciki. Can dai maganata ce za ta tabbata, kuma na san ba zai ji haushi ba. In tamu ta zo, Allah ka sa mu cika da imani.

Malam Liman, a yi muna Fatiha.