Bashin Karatun Duba-Gari

A tashar jirgin ƙasa ta Kano, shekarar da ma'aikata suka samu ƙarin albashin Udoji, wani dattijo ya tambayi Mala takardar me yake ta jujjuyawa.

"Ta karatun duba-gari ce, Baba. Gwamnati za ta biya, ni in rama da aikin shekara biyar a ƙauye."

"Kar ka sa hannu, ɗana. Shekara ashirin na yi aikin nan, har yau haya nake a Sabon Gari. Ɗan dakon kasuwar Singa ya fi ni samu."

Mala ya ɗebo ruwan randar tasha zai sha, dattijon ya cafke hannunsa.

"Zubar! Ba ka ga 'ya'yan sauro ba? Wa ke duba nan?"

"Ba kowa, Baba."

Dattijon ya daɗe yana kallon randar.

"Shekara biyar ka ce? Ba yawa."