Dala Mai Hoton Giwa

A tashar Race Course, wata dattijuwa mai sayar da albasa ta miƙa wayarta ga saurayin da ke gefenta a benci.

"Ɗana, duba mini. Dala ce a ciki ko ba dala ba ce?"

"Dala ce, Mma. Ta waya, wadda farashinta ba ya hawa ba ya sauka."

"To me ya sa direban Nijar da ya kawo mini albasa ya ƙi karɓa? Wai tsohuwar dalar waya ya sani, wannan mai hoton giwa sabuwa ce. In ban biya kafin la'asar ba, wata zai sauke wa albasata!"

"Kamfanoni ne ke faɗan kasuwa, Mma. Giwa ta fi arhar aikawa, mu masu tallarta mun sani."

"Au, ku ne? Irinka ne ya shigo unguwarmu Zongo ya juya mini jarina kaf zuwa giwa! To karɓi giwarka, ba ni tsohuwar."

"Ai tsohuwar da ke wurina ajiyata ce, ba na taɓa ta."

"Ajiyarka? Kai ka riƙe tsohuwa, ni ka bar ni da giwa?"

Ta damƙe masa riga.

"Zauna nan. Yau ajiyarka za ta sauke albasa."