Mahauci da Jimla ta Bakwai

A bencin masu jiran shiga duba marasa lafiya, wata malamar makaranta ta ga dattijon da ke gefenta yana datse jimlolin Turanci da jan biro.

"Sannu Baba. Aikin jika ake dubawa?"

"Na autata ne, wata biyu ke nan tana kwance a ciki. Ni mahauci ne, 'yar nan, daga aji uku na gudu. Kullum nakan biya ta wajen malaminsu ya nuna mini darasin ranar, in kawo mata."

"To ya kake gane inda za ka raba?"

"Yadda nake gane gaɓa a cinyar sa. Wanda ake magana a kansa gefe guda, abin da aka faɗa a kansa gefe guda. In ka sami gaɓa, wuƙa ba ta shan wahala."

Ta karɓi littafin ta bi da yatsa. Shekara goma sha tara tana koyar da abin nan, ba ta taɓa jin an faɗe shi haka ba.

"Tara cikin goma daidai. Amma a ta bakwai ka sari ƙashi, Baba. Kawo biron in gyara maka."

Ya yi wuf ya karɓe littafinsa.

"Bar mini ita, da gangan na yi. In autar tawa ta kama ni da kuskure sai ta yi ta dariya, daga nan ta yarda ta ci abinci. Ranar da na ci goma cif, ko loma ɗaya ba ta kai baki ba."