Ƙullin da Aka Ƙone da Ashana

AUTA: Salamu alaikum, Umma, ina kwana? Ya jikin?

UMMA: Wa alaikumus salam. Jiki da sauƙi, Auta. Ya maigidan? Ya yaran?

AUTA: Duk lafiya. Kin samu barci a asibitin?

UMMA: Barci? Ta gadon kusa da ni minshari take kamar injin niƙa. Ya shago?

AUTA: Alhamdu lillahi. Umma, ba da safen nan za a shiga da ke tiyata ba?

UMMA: Haka suka so. Na kore su.

AUTA: Kin me? Layin yana yankewa.

UMMA: Na ce na kore su! Wata nas ta doso ni da almakashi, wai za ta yanke abin hannun da kika yi min.

AUTA: Na 'ya'yan carbin marigayi Baba?

UMMA: Akwai wani ne? Na ce ta kwance, ta yi ta fama har farcenta ya karye.

AUTA: Ai ba zai kwantu ba. Zaren nailan ne mai tufka, kuma da ashana na ƙone ƙullin, ya narke ya haɗe. Ke kika ce in yi wanda ba ya fita.

UMMA: To bai fita ba. Allah ya yi miki albarka.

AUTA: Umma! Hannunki kumbura zai yi, shi ya sa. In suka ɗage aikin nan, ciwon ba zai jira ki ba.

UMMA: Su ɗage. Cikina ne ko nasu?

AUTA: Zare ne fa kawai, ina da shi ƙunshi guda.

UMMA: Zaren ne ya dame ni? Tsoro nake ji, Auta. Ban taɓa shiga wuri irin wannan ba ubanki ba ya kusa. Ran da zan haife ki, a bakin ƙofa ya tsaya yana jan carbin nan.

AUTA: To ki ji. Ga ni nan tafe da zare da ashana. Ni zan yanke, a kan kwano, ko ɗaya ba zai faɗi ba. Kina ciki ina sake shirya shi.

UMMA: A ina?

AUTA: A ɗakin jira mana.

UMMA: A'a. Bakin ƙofa.

AUTA: Ba za su bari ba, Umma.

UMMA: 'Yar waye ke? Ki tsaya ki gani ko za su ɗaga ki. Kashe wayar ki taho, likita ya shigo, zan gaya masa ya jira.