Ganyen da Ke Gwangwanin Maigidana

Assalamu alaikum mai gabatarwa, barka da aiki. Ni makitsiya ce a Toranke, kuma na zo da abin mamaki.

Kun san kitso sai an matso kusa. Bara na lura mata suna jan mayafi su rufe hanci in na sunkuyo, wasu ma suka daina zuwa. Wata dattijuwa, Inna Ladi, ce ta cire kunya ta ce, "'Yar nan, bakinki ne ke korar mutane." Wallahi ranar na yi kuka.

Na je asibiti a Gaya. Ma'aikaciyar ta ce dasashina ne ya kumbura. Ta wanke min haƙora, ta ce in riƙe asuwaki, in kuma dinga shan koren shayi ba sukari, ina kurkure baki da shi.

Da ta nuna min ganyen sai na riƙe baki. Ashe shi ne maigidana ke dafawa kullum a ƙofar gida, yana zuba masa sukari kamar zai yi alewa! Ikon Allah, taimako yana cikin gidana ban sani ba.

Yanzu jinin dasashin ya tsaya, warin ya tafi. Shekaranjiya wata amarya ta yi barci a cinyata ina mata kitso, fuskarta daf da tawa, ba mayafi.

Don Allah ku tambayar min likitanku, mai juna biyu za ta iya sha? Ina gaida Inna Ladi, wadda ta faɗa min abin da kowa ya ɓoye.

Taku, Maman Sadiya.